Tarihin Lissafin Yau da Kullum a Ƙasar Kano, daga Wuri zuwa Sikeli

Zawaciki gari ne a ƙasar Kumbotso, kudu maso yamma da birnin Kano, kusa da Panshekara da unguwar masana'antu ta Calawa. A nan ne aka gina tashar tudu ta kayan jiragen ruwa, wadda aka sa wa sunan Dala, aka buɗe ta cikin watan Janairu na 2023. Mutumin wannan yanki, ko manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko lebura a majemun Calawa da Sharaɗa ko masana'antun Bompai, ba ya wuni bai warware wata matsala ta lissafi ba: nawa ya saya, nawa zai sayar, kwana nawa ya yi aiki, nawa aka yanke masa. Ɗansa kuwa da ke makaranta, in aka ba shi irin wannan matsala a rubuce, sau da yawa sai ya kasa, har a ce ba shi da kan lissafi. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, lissafi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Kano, yana nan kwance cikin harshen Hausa kansa, kuma tarihinsa labari ne na yadda ƙirga ta riƙa fita daga hannun mai kaya tana komawa hannun mai alƙalami.

Kalmar nan kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya a ke samo shi, jiragen Turawa su kawo shi bakin tekun Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Wuri ba shi da babba da ƙarami wajen daraja. Kowane ɗaya ɗaya ne, saboda haka duk cinikin da ya girma sai an zauna an ƙirga.

Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga yadda a ke wannan aiki a Tasawa a farkon 1851, kafin ya iso Kano. Ya tarar da mutane sun duƙufa suna ƙirga wuri 500,000. Ya ce biyar biyar a ke ja da yatsu, sa'an nan a tara tsibi tsibi, na metan ko na dubu. Ya kuma ce sarakuna su kan ɗura 20,000 cikin jakar kaba guda, abin da Hausawa su ke kira keso, amma ɗan kasuwa ba ya karɓar irin wannan jaka sai ya zazzage ya ƙirga da kansa. In mai karatu ya duba wannan tsari da kyau, zai ga jadawalin sau ne a ke yi da hannu. Ja huɗu hauya ce, watau ashirin. Hauya biyar zangu ce, watau ɗari. Hauya goma metan, metan biyar dubu, dubu ashirin keso. Waɗannan 500,000 ɗin da Barth ya gani keso 25 ke nan, kuma sai hannu ya ja sau 100,000 kafin a gama. Aiki ne mai karya ƙugu, amma yana da wata fa'ida wadda ba a sake samun irinta ba: mai saye da mai sayarwa duka suna kallon tsibin, kuma ba a bukatar karatu kafin a gane an zambace mutum.

A Kano, a wannan shekara, Barth ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, keso guda dala 8 ke nan. Ya ce ana karɓar wuri 700 a kan kowace tukunyar rini ta karofi, kuma tukwanen sun haura 2,000. Wanda ya ke tara wannan kuɗi tilas ya san cewa abin da zai kai fada bai gaza 1,400,000 ba, watau keso 70, tun ba a fara koyar da sau a makarantar boko a Kano ba. Daga baya darajar wuri ta yi ta faɗuwa, domin tun wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara kwararo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar. Bature Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin wani dokin ayarinsu da ya yi ciwo a hanya, suka rasa yadda za su sayar da shi, saboda kuɗinsa sai an ƙaro 'yan dako goma sha biyar su ɗauka, ladansu kuwa ya fi abin da za su ɗauko. Da wuya a sami matsalar lissafi a littafin makaranta wadda ta kai wannan daɗi. Irinta ce ta sa fatake suka riƙa riƙe dukiyarsu a tufafi da goro da gishiri, har da bayi, abin da ba ya yiwuwa a tsallake in ana maganar kuɗin wancan zamani.

Sunayen ƙirga su kansu suna ba da shaida. Daga ɗaya zuwa goma, da ɗari, da dubu, sun daɗe a bakin Hausawa. Amma ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, daga Larabci su ke, sun ture tsohuwar hanya ta gomiya biyu, gomiya uku. Haka metan da arbaminya da hamsaminya. Al'umma ba ta aron sunayen lambobi sai in akwai waɗanda ta ke yin lissafi da su kullum, su ne kuwa malamai da Larabawan da ke ciniki a Kurmi. Akwai kuma dabarar nan ta ɗebewa da ke cikin ƙirga: ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu, ɗari ba biyar. Yaron da ya iya faɗin haka ya riga ya san cewa 19 ita ce 20 a cire 1, ko da bai taɓa riƙe alli ba.

Lissafi mai zurfi kuwa a zauren malamai ya zauna, kuma shari'a ce ta zaunar da shi. Zakka sai da nisabi. Tumaki da awaki daga 40 zuwa 120 a fitar da guda, daga 121 a fitar da biyu. Shanu 30 a fitar da ɗan maraƙi. Hatsi in ya kai nisabi a fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da shi, ko rabin haka in da wahala aka yi ban ruwa. Tun a nan ma akwai wurin wasa da hankali: mutum uku masu tumaki arba'in arba'in, in kowa yana kiwonsa dabam, tumaki uku za a karɓa, in kuwa garke ɗaya ne na haɗin gwiwa, 120 ke nan, guda ɗaya tak. Shi ya sa malaman fiƙihu suka hana a haɗa ko a raba garke don gudun zakka.

Amma gado shi ne babbar makarantar. Daga gare shi Hausa ta sami sulusi da rubu'i da sudusi da tumuni, har tumunin takaba ya zama magana ta kowa da kowa. Ɗalibin da ya karanta babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil, ya san cewa wani lokaci rabon da aka ambata ya kan fi dukiyar yawa. Mashahurin misali shi ne wanda a ke kira Mimbariyya, domin ana danganta amsarsa ga Sayyadina Aliyu yana bisa mumbari. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Mata tana da tumuni, 'ya'ya suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. In aka kasa dukiyar kashi 24, mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, jimla 27 ke nan, an sami gibin uku. Maganin shi ne abin da malamai su ke kira aulu: a sake kasa dukiyar kashi 27, kowa ya riƙe adadinsa, ragin ya faɗa a kan kowa gwargwadon rabonsa. Tumunin matar sai ya koma ɗaya cikin tara. A ƙaddara dukiyar naira 540,000 ce: kowane kashi 20,000, mata ta sami 60,000, kowace 'ya 160,000, uwa da uba 80,000 kowannensu. Alƙalin ƙauye da ya ke raba gonaki da shanu da rumbuna bisa wannan ƙa'ida, sa'an nan ya fitar da ushira, yana aiki ne da ɓangarorin lamba waɗanda su ke ba ɗan sakandare wuya.

Ilmin da a ke kira aljabara ma daga irin wannan bukata ya taso. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban yanki na littafin a kan wasiyya da gado ya ke. Kalmar jabru a Larabci tana da ma'anar ɗori, irin na wanda ya karye. Babu harafi ko alama a littafin, da magana ya ke warware kome, adadin da ba a sani ba kuwa abu ya ke kiransa. Dillalin fata a Kano haka ya ke yi. A ƙaddara an kawo fata 40, wasu na akuya wasu na tunkiya, ta akuya sule 5, ta tunkiya sule 3, aka biya sule 150 gaba ɗaya, ana so a san nawa ne na akuya. Ba zai nemi takarda ba. Sai ya ce, da duka na tunkiya ne da sule 120 ke nan, saura 30. Kowace fatar akuya ta ɗara da sule 2, saboda haka 15 ne na akuya, 25 na tunkiya. Abin da malamin makaranta zai cika rabin allo da shi ke nan.

Ƙasar Hausa ta fitar da wanda sunansa ya shiga tarihin lissafi, watau Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina. Ya tafi hajji, ya zauna a Masar, ya rubuta littafi a kan hatimi wajen 1732, inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Sai dai wannan reshe ya karkata wajen asiri da laƙani, aka riƙa ɓoye shi maimakon a koyar, kuma ilmin da a ke ɓoyewa ba ya yaɗo.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, cikin shekara goma sai ma'auni uku suka canza. Na farko kuɗi. An hana shigo da wuri daga waje a 1904, aka kawo kwabo da anini, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Sabon tsarin bai bi goma goma ba: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, watau kwabo 240 a fam guda. Hausa ta haɗiye sunayen, ta mai da su taro, sisi, nai, sule, fam, har rabin kwabo aka riƙa ce masa ɗari, sunan da ya gada daga ƙirgar wuri. Da aka koma naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, amma tsofaffi suka ci gaba da ciniki da fam, jaka kuwa, wadda da fam 100 ce, ta zama naira 200. Wanda ya ke fatauci zuwa Maraɗi yana da wani karatun kuma, domin a can dala tana nufin faran 5, jika kuwa 1,000.

Na biyu ƙasa. Wajen 1909 aka fara awon gonaki da taki a gundumomin da ke kewaye da birni, don a ɗora haraji bisa girman gona. A shekarar ce kuma Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, inda a ke koyar da lissafi da Hausa, aka riƙa samun ma'aikatan En'e. Malamin taki ya taka tsawo, ya taka faɗi, ya buga wannan cikin wancan, ya rubuta. Manomi yana tsaye yana kallo, amma bai san abin da ya shiga littafi ba. Takin dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba, gonakin ƙasar Kumbotso kuwa ba kasafai su ke da kusurwa huɗu daidai ba. Har ma in an daidaita wannan, ido yana ruɗin mutum: gona mai taki 100 kowane gefe da mai tsawon 150 da faɗin 50, kewayensu ɗaya ne, taki 400, amma ta farko 10,000 ce, ta biyu 7,500. A nan ne karo na farko talaka ya biya kuɗi bisa lissafin da ba shi da ikon bi.

Na uku nauyi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sikeli ya shigo. Bahaushe da mudu da tiya ya saba, watau awon cika, wanda ido ke gani, hannu ke sharewa ko ya tsuga. Kamfani kuwa da tan ya ke saye, tan guda laba 2,240. Tsakanin kwanon manomi da tan na kanti akwai juyi biyu ko uku, kowane juyi kuwa ƙofa ce ta riba ga wanda ya iya, ta hasara ga wanda bai iya ba. Manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, sun gawurta ne domin sun riƙe harsunan biyu, na ƙauye da na kanti.

Ilmin ƙididdiga ya shigo ƙasar nan da baƙin jini, domin ta ƙofar haraji da jangali ya shigo. Wanda aka ƙirga shi zai biya, saboda haka mai gida ya rage 'ya'ya, Bafillace ya kora shanu daji. Bayan mulkin kai sai abin ya juye, yawan jama'a ya zama kujeru a majalisa da kaso daga baitulmali, kowa ya koma ƙari. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta tsaya bisa gardama, an soke ta 1973. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma rashin yarda da alƙaluman hukuma bai tafi tare da su ba.

Masana'antu suka zo da nasu. Bompai ce ta fara, tun shekarun 1950, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya. Lebura ya sadu da albashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da yanka iri iri, duk a kan 'yar takarda da Turanci. A majema ana auna fatar da aka jeme da ƙafa murabba'i, ana kasa ta daraja daraja, mai kawo kaya ba shi ne ke riƙe da ma'aunin ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Ƙarin ƙarshe ya kai kashi 133 cikin ɗari, abin da ke da daɗin ji. Amma uwargida a Zawaciki ba ta tambayar kashi nawa, tiya nawa albashin ya ke saye ta ke tambaya, da da yanzu. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da masana tattalin arziki su ke aunawa in sun bambanta albashin suna da na gaskiya. Inda kashi cikin ɗari ya ke tuntuɓe da mutane shi ne wajen hawa da sauka: kayan naira 100 in ya hau da rabi ya zama 150, in ya sauko da rabi 75 ya koma, ba 100 ba.

To, in iyaye suna da wannan duka, me ya ke kayar da ɗansu a aji? Galibi harshe ne. Matsalar da aka rubuta da magana, sai an fahimci maganar kafin a kai ga lamba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, amma jarrabawa da littattafai suka zauna a Turanci, ga shi kuwa shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yawan malamai. Gwajin da Farfesa Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi: tarawa, ɗebewa, sau, rabawa, jimla, saura, riba, faɗuwa, uwar kuɗi. Yarinyar da ke talla ta san su duka, tana kuma mai da canji ba kuskure, domin in ta yi kuskure akwai mai jiranta a gida.

Reshe ɗaya ne tsohon lissafin Kano bai tanada ba, shi ne auna yiwuwar abu da lamba. A Turai wannan ilmi daga teburin caca ya fito, cikin wasiƙun da Faskal da Farma suka yi wa juna a Faransa a 1654. Malaman ƙasar Hausa kuwa caca haramun ce a wurinsu, haka cinikin garari, saboda haka ba su zauna sun ƙididdige ta ba. Harshen yana da tsani mai kyau: tilas, galibi, mai yiwuwa, wataƙila, da wuya, faufau. Har nahawunsa ya bambanta za mu je da ma je, na farko niyya ce, na biyu fata ne mai rauni. Sai dai matakan tsanin ba su da lamba. 'Yan adashi goma in sun jefa ƙuri'a, kowa ya san rabonsa na ɗaukar farko ɗaya ne cikin goma, kuma a shekarar da kaya ke hawa kowa ya san kwasar farko ta fi ta ƙarshe albarka, ko da adadin ɗaya ne. Iyakar inda hankalin kasuwa ya ke kaiwa ba tare da alƙalami ba ke nan.

Abin da ya wuce nan yana faruwa a ƙofar kowace masana'anta da ke sayen hatsi ko riɗi ko waken suya, da kowane sito da a ke tara kayan fita waje. Mota ta zo da buhu ɗaruruwa, ba mai iya kwance su duka, sai a soki kaɗan a duba. A ƙaddara buhu ɗaya cikin kowane goma yana da tsakuwa ko danshi. Mai duba ya soki biyar bisa kan dace, duka suka fito lafiya, ya ce a sauke. Yawancin mutane za su ce ya yi bincike isasshe. Lissafi kuwa ya ce kowane suka yana da tara cikin goma na faɗa wa buhu mai kyau, in aka buga tara cikin goma a kanta sau biyar, sai a sami kusan 59 cikin ɗari. Watau cikin motoci ɗari masu irin wannan aibi, wajen 59 za su wuce ba a gane ba. In ya soki ashirin, abin ya sauko wajen 12 cikin ɗari. Haka kuma ta ɗaya gefen: manomin da kayansa tara cikin goma masu kyau ne, in aka soki buhu ɗaya tak, sau ɗaya cikin goma za a faɗa wa maras kyau, a kore masa mota ko a karya masa farashi. Yawan buhunan da za a soka, da yawan aibin da za a yafe, kamfani ne ke yanke su a ofis, mai kaya yana waje a bakin sikeli yana jiran takarda.